Wa Ya Goge Littafin Hedimasta?

Kafin a kira ni, mutanen gidan Hedimasta sun riga sun kama mai laifinsu, sun yi mata shari'a, sun yanke hukunci. Ni an ɗauko ni ne kawai in buga hatimi.

Sana'ata bin sawu, amma ba a ƙasa ba. Abin da mutane suka goge a waya ko kwamfuta, da gangan ko da kuskure, shi nake bi in ga inda ya faɗa da kuma yatsan da ya tura shi. Shi ya sa a layinmu na masu gyaran waya kowa Mai Sawu yake ce mini. Yawancin masu hawo matakalar shagona ba gaskiya suke nema ba. Shaida suke nema a kan wanda suka daɗe da tsana.

Wadda ta hawo ranar nan lauya ce, 'yar Hedimasta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana toshe hanci da gefen mayafi, kamar warin dalma zai bi ta gida.

"Ke ce Mai Sawu?"

"Ni ce."

"Na zaci namiji ne."

"Kowa haka yake zata. Ga kujera."

Ta kalli kujerar, ta zaɓi tsayuwa. A tsaye ta ba ni labari. Mahaifinsu tsohon hedimasta ne, ya yi shekara da shekaru yana rubuta littafi a kan rayuwarsa da koyarwarsa. Bai yarda da takarda ba, kuma a kwamfuta abu guda ya iya: imel. Sai ya buɗe sabon saƙo, ya rubuta babi guda, ya ƙi aika wa kowa, ya bar shi a cikin daftari, inda imel ke ajiye saƙon da ba a aika ba. Haka babi ya hau kan babi har littafi ya kammala. Ana shirin kai wa mai ɗab'i ya samu shanyewar ɓarin jiki, baki ya rufe, hannu ya mutu. Yanzu kuma an wayi gari wurin daftarin nan fayau, ko harafi babu.

Na ce, "Me kike so in yi? In dawo da littafin, ko in gano wanda ya goge?"

"Ai mun san wadda ta goge. Matar autanmu ce. Rahoto nake so a rubuce da sa hannunki, in aika wa mijinta. Yana aiki a wata ƙasa, kuma ba ya jin maganar baki."

"Littafin fa?"

Ta dube ni kamar na tuna mata da wani dangi na nesa.

"Eh. Shi ma, in zai samu."

* * *

Falon gidan cike yake da masu zuwa dubiya, amma ban ga wanda ya nufi ɗakin mara lafiyar ba. Maƙwabta da dangi sun baje a kujeru suna shan shayi suna raba laifi.

"Ni tun ranar da aka kawo ta na ce idonta ya yi shiru da yawa."

"Wayarsa kullum a hannunta take. To wa kuma?"

"Ta ji tsoron abin da tsohon ya rubuta a kanta ne, in kun bibiya."

A tsakiyarsu babban ɗan gidan yake zaune, wanda kowa ke kira Injiniya, mutum mai tumbi da agogo mai nauyi, mai magana kamar yana buɗe sabuwar gada. Ya dube ni daga takalmi zuwa ɗankwali.

"Malama, kin wahalar da kanki. Ni injiniya ne, na san na'ura ciki da waje. An goge, an zazzage kwandon shara, na duba da kaina. Abin da ya bar kwando ya bar duniya. Na gaya wa ƙanwata, amma kin san lauyoyi da son takarda."

Na ce, "Allah ya ƙara sani."

Ya ɗauka yabo ne. Ya tashi ya ja ni gefe wajen labule, ya rage murya.

"Ki gama da wuri, ki yi shiru da bakinki. Ba na son ƙaramar magana ta fita daga gidan nan a irin wannan lokaci. Nan gaba kaɗan za a sanar da ni a matsayin shugaban ƙungiyar injiniyoyi ta yankinmu. Ko matata ban gaya wa ba. Na so in faɗa ne a taron ƙaddamar da littafin Baba, ga shi yarinyar nan ta ɓata komai."

Ba don ya yarda da ni ya gaya mini ba. Cikinsa ne ba ya riƙe yabon kai, kuma a ganinsa gaya wa irina daidai yake da gaya wa labulen.

* * *

Ɗakin Hedimasta shi kaɗai ne wuri mai tsabta a gidan. Yana kan keken marasa lafiya kusa da taga, dogo, ƙashi da fata, rabin fuskarsa ya zube, amma idanun nan na nan da ransu, irin waɗanda suka saba sa aji ya yi tsit. Matar auta na durƙushe tana shafa masa mai a hannun da ya mutu. Yarinya ce siririya, idonta ya kumbura.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, akwatin imel ɗin naka ne, ba nasu ba. Ba zan buɗe ba sai da izininka. In ka yarda, ka rufe ido ka buɗe."

Ya daɗe yana auna ni, sannan ya rufe ido ya buɗe.

Na juya ga yarinyar. Ban ma tambaye ta ba ta fara.

"Ni ce, Anti. Wallahi ba da gangan ba, amma ni ce."

"Zauna ki gaya mini yadda kika yi."

"Likita ya ce a riƙa karanta masa abin da ya sani, ko bakinsa zai motsa. Shi ne kullum da la'asar nake karanta masa babi guda daga wayarsa. Rannan wayar ta yi ta cewa ta cika, sai na danna wurin da aka ce a share. Washegari na buɗe zan karanta, ban ga komai ba. Na fito da gudu na gaya musu abin da na yi."

"Da bakinki kika gaya musu?"

"To ai ni na danna."

Na karɓi wayar. Ban daɗe ba na ga abin da ta share: hotunan gaisuwar safe masu furanni da tsofaffin ɗalibansa ke turo masa, da bidiyoyin da ba wanda ya taɓa kalla. Wannan maɓallin ba ya isa cikin akwatin imel, ko mutum ya kwana yana dannawa. Wato ta ɗauki igiya da hannunta ta miƙa wa mutanen da suka daɗe suna neman inda za su ɗaure ta.

"Sun ce me?"

"Yaya Injiniya ya ce in fara haɗa kayana. Anti Lauya ta ce in jira takarda tukuna." Ta kalli tsohon. "Ni ba tafiyar ce damuwata ba. Ba wanda ya san yadda ake juya shi."

Ban gaya mata komai ba. Mai gaskiyar da ba ta iya riƙe bakinta ba, ba a ba ta ajiya.

* * *

Ɗakin karatunsa yana ƙarshen baranda. Tebur, kujera mai lotsattsen gindi, tsohuwar kwamfuta, da kantoci cike da littattafan da 'ya'yansa ba su taɓa buɗewa ba. Lauya ta rubuta mini kalmar sirri a tafin hannunta ta nuna mini, ta fita. Na kulle ƙofa.

Abin da Injiniya bai sani ba, duk da ya san na'ura ciki da waje, shi ne kwandon shara na irin wannan akwati ƙasa biyu gare shi. In ka goge saƙo, kwando yake faɗawa. In ka zazzage kwandon, ba duniya yake bari ba. Wani rami yake gangarawa a ƙarƙashi, ya zauna na 'yan makonni kafin a share shi da gaske. Akwai ƙaramar ƙofa ta dawo da abin da aka goge, rubutunta siriri, a wurin da masu gaggawa ba sa kallo. Na buɗe ta. Ga littafin Hedimasta kwance, babi a kan babi, ba abin da ya taɓa shi.

Kafin shayin da aka kawo mini ya huce na kwashe su duka. Ban mayar da su wurin daftari ba, don kada su bayyana a waya gidan ya ɗauki guɗa. Na buɗe sabon aljihu na sa masa suna Talla, inda na tabbata ba mai leƙawa, na zuba su ciki, na kuma ɗauki kwafi a na'urata.

Dawo da kaya ba shi ne aikin ba. Yatsa nake nema. Tarihin shiga akwatin ya nuna mini wurare uku: wayar tsohon, wannan kwamfutar, da wata kwamfuta a wani ofis cikin gari. Ranar da aka yi gogewar kuwa, ranar hutu ce, da hantsi, kuma wannan kwamfutar ce a buɗe. Ranar da kowa da kowa ke gidan.

* * *

Mai gadi ya ce mutum guda ne yake ganin yana shiga ɗakin karatu kullum: Baffa, ƙanin Hedimasta, wanda ya zo jinya da ƙaramar jaka bai kuma sake maganar komawa ba. Na same shi a baranda yana sakace, sanye da takalmin da ya fi ƙafarsa girma.

"Baffa, an ce kana da mabuɗin ɗakin karatu."

"Inji wa? To ko ina da shi, ɗakin yayana ne."

"An ce kun daɗe ba kwa ga maciji da shi, kuma ka taɓa cewa in ya sa sunanka a littafin nan sai ka kai shi kotu."

Ya cire tsinken daga baki. "Na faɗa, kuma zan sake faɗa. Mutumin da ya kore ni daga makarantarsa a gaban yara don na makara, ni ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya? Amma ni ban taɓa akwatin talabijin ɗin nan nasa ba."

"Kwamfuta."

"Ko ma mene ne."

Na kai shi ɗakin na ce ya kunna mini ita. Ya zagaya ta, ya danna gilashin da yatsa, ya ɗaga linzamin kwamfutar ya kara a kunne. Da wasa yake da na gane. Wannan jahilci ne na asali, wanda ba a koya.

"To me kake shigowa yi kullum?"

Ya kalli silin. "Fankar nan ta fi ta ɗakina."

Ba fanka kaɗai ba ce. Ƙarƙashin tebur na ga kwalayen takalma a buɗe, duk babu komai ciki, da gidan agogo wayam. Baffa yana cin gadon yayansa ne a hankali, ƙafa bayan ƙafa, mai kayan na numfashi a ɗaki na gaba. Ɓarawo ne, amma ba nawa ba.

"Ranar hutun nan da hantsi, ka shigo?"

"Na zo na tarar an kulle ta ciki. Na buga, ba a amsa ba. Sai na koma falo na kwanta."

"Wa ke ciki?"

"Ina zan sani? Ni mai gadi ne?"

* * *

Lauya na same ta a mota tana waya. Na jira ta gama, na nuna mata layin da ke cewa an sha shiga akwatin daga wani ofis.

"Wannan ofishinki ne?"

Fuskarta ta canza launi, amma bakin lauya ba ya mutuwa da wuri. "Ina da haƙƙin kula da al'amuran mahaifina."

"Ban musa ba. Me kika shiga yi?"

"Dubawa."

"Akwatin yana tuna abin da aka nema a cikinsa. Daga ofishinki an nemi sunanki. An nemi 'yata. An nemi lauya. An sake neman sunanki, da wani harafin daban, ko an yi kuskuren rubutu."

Ta gyara zoben hannunta.

"Sau nawa kika samu kanki?"

"Wuri guda," ta ce da ƙyar. "A babin da yake maganar shekarar da ƙyanda ta shiga makaranta."

"Kin karanta sauran?"

"Ina da lokaci ne?"

Mahaifinta ya zuba rayuwarsa a wuri guda, ita kuma ta shiga ta laluba ko da ita a ciki, ta fito. Amma ba ta goge ba. Ranar hutun ofishinta a rufe yake, kuma mai gadi da maƙwabta duk sun shaida tana falo tun safe tana gardama da matar Injiniya a kan wanda zai zauna a babban tebur ranar ƙaddamarwa.

"Yaushe zan samu rahotona?"

"Yau da la'asar. Ki tara mini kowa a ɗakin Baba."

* * *

Na koma ɗakin karatu na buɗe aljihun Talla. Ban karanta littafin ba; ba a ba ni izinin wannan ba. Jerin kawai na bi, ina kallon ranar da aka rubuta kowanne da lokacin da aka goge shi.

Duk a tare aka goge su, da dannawa guda, in ban da biyu. Waɗannan biyun an riga an jefa su kwando kafin sauran, ɗaya bayan ɗaya. Dukansu sunansu guda: Shafin Farko. Ɗaya an rubuta shi tun tsohon na da lafiya. Ɗayan kuwa ranar hutun nan aka rubuta shi, da hantsi, lokacin da Hedimasta ya daɗe bai iya riƙe cokali ba.

Na buɗe su duka biyun. Da na gama karanta na biyun sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, irin dariyar da ba daɗi a cikinta.

* * *

Da la'asar suka taru. Injiniya ya ɗauki kujera ɗaya tilo da ke ɗakin. Lauya ta tsaya da takarda da alƙalami. Baffa ya raɓe a ƙofa yana ɓoye ƙafafunsa. Matar auta na tsaye bayan keken tsohon, kanta a ƙasa. Masu dubiya, da suka ji za a yi tonon silili, a karon farko suka gano hanyar ɗakin mara lafiya, suka cika baranda.

Na ce, "Littafin Baba ya dawo. Ba harafin da ya ɓata."

Matar auta ta dafe bakinta. Idon tsohon ya kawo ruwa. Injiniya ya gyara zama.

"Ba zai yiwu ba. An zazzage kwandon."

"An zazzage. Yana da ƙasa biyu." Na juya ga sauran. "Tun da Baba ya kwanta, akwai wanda ya ga ya riƙe waya ko ya taɓa kwamfuta?"

Lauya ta ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Kina ganinsa."

"To ga abin mamaki. Ranar hutun nan da hantsi, wai Baba ya tashi, ya taka zuwa ɗakin karatu, ya kulle ƙofa ta ciki, ya rubuta wannan."

Na karanta musu a hankali, ina ba kowace kalma haƙƙinta.

"Na sadaukar da wannan littafi ga babban ɗana, abin alfaharina, hasken idona, gogaggen injiniya, uban marayu, zaɓaɓɓen shugaban ƙungiyar injiniyoyi ta yankinmu, wanda ya riƙe ni hannu bibbiyu a lokacin tsufana, wanda ba don shi ba…"

Na ɗaga kai. "A nan ya tsaya. Ina jin yabon ne ya ƙare masa."

Wani a baranda ya yi tari don ya danne dariya. Injiniya ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Sharri ne! Kowa zai iya rubuta wannan don ya ɓata mini suna. Yarinyar nan ma za ta iya."

"Haka ne. To bari in tambaya. A cikinku wa ya san za a naɗa Injiniya shugaban ƙungiya?"

Aka kalli juna. Matarsa daga baranda ta ce, "Shugaban me?"

Lauya ta sauke alƙalaminta. "Yaya, wace ƙungiya?"

Na ce, "Ni ya gaya wa, yau da safe, a bayan labule, ya ce ko matarsa ba ta sani ba. Ni kuma ranar hutun nan ban san gidan nan ba."

Gumi ya tsattsafo wa Injiniya a goshi. Na ci gaba, don ba na barin aiki rabi.

"Ga yadda sawun ya tafi. Ka shiga ka buɗe shafin farko don ka ga yadda aka yabe ka, tunda a ranka ka riga ka yanke kai aka sadaukar wa littafin. Ba ka ga kanka ba. Ka goge shi, ka rubuta naka. Kana cikin rubutu ka lura kwanan wata ya hau kansa, kuma kowa zai gane. Ka goge shi ma. Sai ka koma ka tabbatar bai bar alama a cikin daftari ba, Baffa na buga ƙofa, ka danna akwatin da ke zaɓar komai, ka goge. Ka ruga kwando ka zazzage ba tare da ka duba abin da ke ciki ba. Da ka dawo, babu littafi."

"Kuskure ne," ya ce, muryarsa ta koma ta yaro. "Wallahi ban yi niyyar goge littafin ba. Shafi guda kawai…"

"Na yarda. Injiniyan da ya san na'ura ciki da waje ya kasa bambance ɗaya da duka. Wannan kuskure ne, kowa na yi. Da ka fito ka faɗa, da tun ranar an dawo da shi. Amma washegari yarinyar nan ta fito tana kuka tana cewa ita ce, kana zaune, ka san ba ita ba ce, ka ce ta haɗa kayanta. Wannan wane maɓalli ka danna da kuskure?"

Ya juya wajen mahaifinsa. "Baba…"

Tsohon ya dube shi da idanun nan na aji, ya daɗe, sannan ya kau da kai zuwa taga. Injiniya ya nemi kujera ya zauna, ya tarar Baffa ya riga shi.

Lauya ta ce, "To shafin na gaskiya fa? Wa ya sadaukar wa?" Har ta ɗan gyara tsayuwa, baiwar Allah.

Na kalli Hedimasta. Ya rufe ido ya buɗe. Na karanta.

"Ga matar autana, wadda ba ni na haife ta ba. Ita kaɗai ce a gidan nan in ta ce, Baba ina kwana, take tsayawa ta ji amsa."

Ba wanda ya yi tari wannan karon. Lauya ta juya ga yarinyar. "Kin san da wannan?"

"Na gani, Anti, tun ranar da na fara karanta masa. Na tsallake shi."

"Me ya sa ba ki faɗa ba, da muke cewa ke ce?"

"Da na faɗa, cewa za ku yi ni na rubuta."

Masu dubiya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ina jin wadda ta ce idon yarinyar ya yi shiru da yawa tana gaya wa ta kusa da ita cewa ita dama tun farko jikinta bai ba ta ba.

* * *

Kafin in tafi na mayar da babobin wurinsu, na canza kalmar sirri da izinin mai ita, na aika wa mai ɗab'i kwafi, na nuna wa matar auta ƙaramar ƙofar nan mai siririn rubutu. Ta yi ta godiya har sai da na ce ta bari, ta je ta kira mijinta kafin wani ya riga ta da nasa labarin.

Lauya ta raka ni har tsakar gida, abin da ba ta yi niyya ba da safe. Ta yi ta zagin yayanta: ba shi da kunya, ya zubar musu da mutunci, ita ba ta taɓa zaton haka daga jininsu ba. Muna daidai tagar Hedimasta ta kama hannun rigata, ta rage murya.

"Malama Mai Sawu, mu yi magana ta mata. Wannan shafin farkon. Kin san mutane za su karanta a taro, ga mu zaune, mu 'ya'yan cikinsa. Tunda dai ya taɓa ɓata sau ɗaya, ba yadda za a yi a ce shi kaɗai ne bai dawo ba?"

Na dube ta. Tagar a buɗe take. Daga ciki ana jin muryar matar auta ta fara karatun la'asar, ga kan tsohon a jikin labule, kunnensa mai lafiya na wajenmu.

Na ɗaga murya yadda har mai gadi zai ji. "Ban ji ki ba, Lauya. Ƙara faɗa da ƙarfi. Me kike so a yi da shafin farkon littafin Baba?"

Karatun ya tsaya. Kan tsohon ya juyo a hankali.

Ta kalli tagar, ta kalle ni, ta saki hannun rigata.

"Cewa na yi Allah ya kiyaye hanya."